Kar ka zaunar da tsohonka: yadda ake fara masa tafiyar ƙasa saboda zuciya a nan Legas

Shekara kusan talatin Baba ya yi a kasuwar Mile 12 yana harkar albasa, kuma duk wanda ya san kasuwar nan ya san ba wajen zama bane, daga inda tirela ke sauke kaya zuwa rumfa, daga rumfa zuwa wajen dillalai, a dawo a duba buhunan da ruwa ya taɓa, ga masallaci, duk a ƙafa. Da ya haura saba'in sai muka ce toh ya isa haka nan, ya huta, ƙanena ya karɓi rumfar. Muka ajiye masa kujerar roba a ƙofar gida nan Agege, rediyo a gefe, shayi a filas, in zai je ko nan da can a tsayar masa da mai keke, hatta butar alwala jika ne zai kawo har gabansa. Mu a ganinmu biyayya muke yi. Shekara ɗaya da rabi kacal, mutumin da ke zaga kasuwa tun asuba ya koma in ya hau matattakala shida sai ya dafa bango yana haki, da aka auna jini aka ga 168/96. Likitar ta tambaye mu me yake yi da rana, ni kuma har da ɗaga kafaɗa nace ai ba ya komai, mun hutar da shi. Kallon da ta min har yau ban manta ba.

Zuciya tsoka ce kamar ta damtse, in aka bar ta ba aiki sai tai lakwas. Tafiya tana sa jijiyoyin jini su riƙa buɗewa su yi laushi, suga ya shiga cikin tsoka maimakon ya yi ta yawo a jini, sannan naman sha-raɓa ɗinnan duk takun da aka yi yana matso jini daga ƙafa ya tura shi sama, shi yasa mai yawan zama ƙafarsa ke kumbura da yamma. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya fitar da binciken da ya yi kan ma'aikatan bas masu bene na Landan, direba yana zaune yini guda, kwandasta yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi, aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Wato kwandastan danfo da ke lilo a bakin ƙofa yana ihun Oshodi Oshodi, ta wannan ɓangaren dai ya fi ogansa sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya tace dattijo ɗan 65 zuwa sama yana buƙatar aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, kaga minti 30 kenan sau biyar. Amma kar ka kuskura ka fara daga nan, can ake son a kai.

Matakin farko, asibiti kafin titi. Ka tattara duk magungunan da yake sha ka zuba a leda ɗaya ka tafi da su, duka fa, har da wanda ake siyowa a kemis saboda ciwon gwiwa da jiƙe-jiƙen da aka aiko daga gida, saboda irin su diclofenac da ibuprofen da tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa suna ƙara hawan jini kuma suna wahalar da ƙoda. Ka gaya wa likita ƙarara cewa so kake ya fara tafiya kullum, akwai abin da zai hana? A auna jini, a auna suga, in likita ya ga dama ya sa a yi gwajin nan da ake manna wayoyi a ƙirji wanda suke kira ECG. In tsohonka ya taɓa samun ciwon ƙirji, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa filo biyu uku, ko ya taɓa yanke jiki ya faɗi, toh wannan ba maganar ƙaramin asibitin unguwa bace, a nemi takardar turawa zuwa wajen likitan zuciya, akwai su a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da LUTH da ke Idi-Araba. Ka kuma tambayi aikin kowane magani. Amlodipine kan kumbura idon sawu, lisinopril kan sa busasshen tari, atenolol yana rage saurin bugun zuciya ta yadda ko ya gaji bugun ba zai hau sosai ba, sai kuma mai sa fitsari, wanda in aka sha shi aka fita a take, toh a hanya za a fara neman banɗaki, kuma kowa ya san neman banɗaki a titin Legas ba ƙaramin aiki bane.

Na biyu, ka sayi na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu faɗin gaskiya, da ɗan littafin rubutu. Yadda ake awon yana da ƙa'ida: ya yi fitsari tukun, ya zauna kan kujera ya jingina bayansa minti biyar ba magana, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu kan tebur daidai ƙirji, kuma kar ya kasance ya ci goro ko ya sha shayi ko kofi cikin rabin awa da ta wuce. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta kwanan wata da lamba. Daga 140/90 ake kiransa hawan jini. Ranar da ka ga ya kai 180/110 ko ya wuce, babu fita, a sake aunawa bayan ya huta, in yana nan a kira likita a ranar.

Na uku shine mai wuyar, shawo kansa. A nan na fi shan wahala kuma a nan yawancin mutane ke sarewa. Ranar farko naje da ƙarfina nace Baba likita tace ka riƙa motsa jiki, ya rage ƙarar rediyo ya dube ni sama da ƙasa, ni ɗan fari ne ba ya kiran sunana, yace "kai, ni zan saka gajeren wando in riƙa zagaye unguwa kamar ɗan ƙwallo? Da girmana?" Shikenan magana ta mutu. Dattijon Bahaushe ba ya yawo ba dalili, wanda ke tafiya ba inda za shi a wajensa ko zautacce ne ko mara aikin yi. Sai da na gane cewa ba motsa jiki zan tallata masa ba, wajen zuwa zan samo masa.

Masallacin layinmu taku ashirin ne daga ƙofa. Akwai wani a bayan layi na uku, tafiyar minti bakwai a takunsa, kuma limamin ɗan garinsu ne. Sai na tuna masa labarin Banu Salima da suka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW) aka ce musu su zauna a gidajensu ana rubuta musu ladan takunsu, yana cikin Sahih Muslim, ya fi ni sani ma. Nace Baba ko mu riƙa yin la'asar a can? Ya yi shiru, can yace "Allah ya kai mu." Minti bakwai zuwa, hutu a masallaci, minti bakwai dawowa, kaga an samu 14 ba tare da an ambaci zuciya ba. Kai ma ka duba naka, me yake girmamawa? Duba mara lafiya, gaisuwar mutuwa, majalisar abokai wajen mai shayi, raka jika Islamiyya, zuwa siyo goronsa da kansa. In kuma yana da niyyar Umra ko Hajji ai ka samu babbar hujja, tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi kafin nan, kace masa Baba gara mu fara shiri tun yanzu kar a tura ka a keken guragu. Wannan maganar wallahi ta fi duk wa'azin likita aiki.

Kuma kai za ka raka shi, aƙalla satin farko da na biyu. Ba yaro ɗan shekara takwas ba, kai. In aikinka ba zai bari ba a raba kwanaki tsakanin 'yan'uwa. Kar ka wuce shi, kar ka riƙe masa hannu a gaban mutane in bai nema ba, ka tsaya ta ɓangaren titi shi yana ta ciki, hira kawai.

Na huɗu, hanya da lokaci. Kafin ka fito da shi ka bi hanyar kai kaɗai da idon tsoho. Ina kwata take a buɗe, ina murfin siminti ya karye yana lilo, ina masu keke da babur ke shan kwana ba hon, ina aka jera janareta hayaƙi na bugun fuska, ina akwai benci ko dakali da zai zauna in ya gaji. Babban titi ka manta da shi, bakin Pen Cinema ko hanyar Abeokuta da safe hayaƙin gosulo kaɗai ya ishi mai lafiya balle mai ciwon zuciya, ka nemi layukan ciki, harabar makaranta bayan an tashi, filin masallacin Juma'a, ko cikin estet in kana da wanda ka sani. Gadar tsallaka titi ta masu ƙafa a bar ta sai nan gaba, matattakalarta ta yi yawa ga mai farawa. Ranar Asabar ko Lahadi in akwai hali a ɗauke shi a mota zuwa wajen shaƙatawa na Ndubuisi Kanu ko na JJT da ke Alausa, ko harabar babban filin wasa na Surulere inda dama mutane ke fita da sassafe, ganin wasu masu furfura suna tafiya yana cire masa kunyar.

Lokaci kuma biyu ne, bayan gari ya waye zuwa wajen takwas, ko daga la'asar sakaliya zuwa magariba. A Legas bayan an idar da asuba da sauran duhu, a ɗan jira haske, faɗuwa a kwata ta fi rashin tafiyar illa, karayar ƙugu a wannan shekarun ba wasa bace. Tsakar rana kam a'a, musamman Fabrairu da Maris, zafin nan namu ba irin na Arewa bane, iskar a jiƙe take, gumi yana fita amma baya bushewa, jiki baya hucewa, zuciya ce ke biyan bashin. Kuma kar a fita daga cin tuwo ko sakwara ciki ya cika, a ba shi awa guda.

Takalmi a taƙaice: silifas ɗin banɗaki da takalmin fata mai santsin ƙasa duk a ajiye. Kambas mai taushi da safa, ko in ya ƙi kambas kamar Baba, sandal mai maɗauri a diddige da ƙasan roba. A je siyayyar da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Jallabiya mara nauyi wadda bata jan ƙasa, babbar riga a bar ta sai Juma'a. In yana da sanda ya riƙe abarsa. A aljihu a saka ruwan leda ko ƙaramar gora, da 'yar takarda mai sunan magungunansa da lambar wayarka. Mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, dole dabino biyu uku ko ƙwayar suga a aljihu, in ya fara rawar jiki da gumi mai sanyi da ganin dishi-dishi a zaunar da shi ya ci nan take, kuma duk dare a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu da tocila saboda zai iya jin ciwo bai sani ba. Wanda likita ya ƙayyade masa yawan ruwan sha saboda zuciya ko ƙoda, a bi maganar likita, kar a yi ta ɗura masa.

Na biyar, tsarin tafiyar kanta. Satin farko minti 10 kawai, biyar zuwa biyar dawowa, kwana biyar. Zai ce wannan ai wasa ne, ka bar shi ya raina, gara ya dawo gida yana jin da saura a jikinsa da ya dawo a galabaice gobe yace ba za shi ba. Sati na biyu 15. Na uku da na huɗu 20. Daga nan a riƙa ƙara minti biyar duk sati biyu har a kai 30, mu sai da muka yi wata biyu da rabi, ba gasa ake ba. In 30 a jere ta yi yawa a raba, 15 da safe 15 da yamma, lissafin ɗaya ne. A fara ƙara tsawon lokaci, sauri sai daga baya.

Kowace fita kashi uku ce. Minti uku zuwa biyar na farko a hankali kamar mai rakiyar baƙo, tsakiya a ɗan ɗaga ƙafa, ƙarshe a sake sassautawa. Wannan na ƙarshen mutane ke rainawa, in mutum yana cikin sauri ya tsaya cak jini na taruwa a ƙafa, jiri ya kwashe shi, balle mai shan maganin hawan jini. Yadda za ka gane saurin ya yi daidai ba sai da agogo mai tsada ba, ka ja shi da hira, ni tambayarsa nake farashin buhun albasa a zamanin Shagari, in yana ba ka amsa jimla guda cikakkiya numfashi ya ɗan ƙaru amma magana bata yankewa, toh daidai ne. In sai kalma ɗaya ɗaya yake iya fitarwa an wuce, a rage. In kuma har zai iya jan baitin ishiriniya ba haki, da sauran wuri a ƙara.

Maganar taku 10,000 da waya ke nunawa kar ta dame ka, asalinta tallan wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. Wani bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2019 kan mata tsofaffi masu shekaru kusan 72 ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu kan masu 2,700, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita.

Na shida, alamun da in ka gani an tsaya, kuma wannan ka karanta wa duk mai raka shi. Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhu, musamman in yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, haki da bai yi daidai da tafiyar ba, jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, bugun zuciya da ke tsalle-tsalle. A zaunar da shi. In minti biyar ya wuce ciwon ƙirjin bai lafa ba, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ba a koma gida a shafa man zafi ba. Tsofaffi da masu suga da mata wani lokacin ba sa jin ciwon ƙirjin ma, sai dai kasala mai tsanani ko abu kamar gyambon ciki, kuma tsofaffinmu gwanayen ɓoye ciwo ne, "ba komai" ɗinsu kar ka yarda da ita, fuskarsa za ka duba. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kar a ba shi ko ruwa, ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara domin likita zai tambaya. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767, amma da gosulon garin nan tun kafin ranar ka san asibiti mafi kusa da ke karɓar gaggawa da dare, ka kuma ajiye lambar maƙwabci mai mota. Akwai kuma wani wanda ba gaggawa bane amma a faɗa wa likita, ciwon sha-raɓa da ke zuwa duk sanda aka yi tafiya ya tafi in an tsaya, yana iya zama jijiyar jinin ƙafa ce ta ƙuntace.

Kwana biyu ko uku a sati a haɗa da ɗan aikin ƙarfi a gida. Ya zauna kan kujera mai ƙwari ya miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau takwas zuwa goma. Ya dafa bango ya ɗaga dunduniya ya sauke. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da ƙofa daƙiƙa goma. Wannan ne ke hana faɗuwa, kuma shi ke sa tashi daga sujada ya yi sauƙi, abin da za ka gaya masa kenan.

Hajiya kuwa nata daban ne, ita bata fita sallar jam'i, sai muka duba tsakar gida da lungun da ke tsakanin ɗakuna, muka ƙirga, zuwa da dawowa goma sha biyu minti goma ne, tana yi da carbinta bayan walha. Sai kuma maƙwabciyarta da suke zuwa karatun mata tare sau uku a sati, muka daina kira musu keke wajen tafiya sai wajen dawowa. Wannan lungun shi ke ceton kowa a watan Yuni da Yuli in ruwa ya tsare layi kwana biyu, kar a bar tsoho ya shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa. Da azumi ma ba a dainawa, ana mayar da ita bayan buɗa baki ne, tafiya tarawi da dawowa ta wadatar.

Abu ɗaya da zan ja kunne sosai, in lambar awon jini ta fara sauka zai ce ya warke a daina magani. Tafiya kan rage lambar sama da kamar 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, taimako ne, bata maye gurbin ƙwaya, likita kaɗai ke ragewa, kuma littafin nan shi za ka kai masa ya gani. Sannan a leƙa kicin, gishirin da ake so a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da yajin tsire da indomi, in ana zuba dunƙule shida a tukunya ɗaya tafiyar safe aikin baban giwa ce. A ƙara daddawa da citta da tafarnuwa a rage sauran a hankali, in aka yanke lokaci ɗaya zai ture kwanon.

Wata huɗu yanzu, awon Baba na safe yana yawo tsakanin 138 da 145 a sama, da magani da tafiya tare, matattakalar nan shida ya daina dafa mata bango. Satin da ya wuce na makara ban dawo daga aiki ba sai bayan la'asar, na tarar da kujerar roba ba kowa, rediyo na ta magana ita kaɗai, na tambayi yara ina Baba suka ce ya ɗauki sandarsa tun ɗazu, yace in na zo in same shi a can, kuma in taho masa da goro fari.